Zaren Darma a Kantin Alhaji Mamman

Ranar Talata, tara ga watan Sha'aban, da ƙarfe huɗu da rabi na yamma, muna zaune a rumfar ƙofar gidana a Illela. Mu uku ne: ni, da jikana Nasiru wanda ya shekara biyu yana aikin wayar wuta, da abokin aikinsa Sanusi. Na fara da rana da lokaci ne don haka na saba tun shekarun da na yi ina kula da wutar gidan rediyo, inda ba a karɓar labari sai da su.

Nasiru ya ajiye jakar kayan aikinsa, ya miƙe ƙafa, ya ce, "Tsoho, aikin ga naku da kuke ta cika muna baki da shi, yau cikin minti goma na gama shi."

Na ce ya faɗa mini. Ya ce shagon ƙanƙarar Hajiya Kulu ne a bakin tasha. Firiza takwas a kan layi ɗaya, bireka mai amfiya ashirin, wato makunnin da ke yanke wuta in kaya sun yi yawa, tana ta faɗuwa, ƙanƙara tana narkewa. Sai ya cire ta ya sa mai sittin da uku. Tun safe ba ta sake faɗuwa ba.

"Wayar fa?" na ce.

"Wace waya?"

"Wadda ke bayan birekar. Ka sauya ta?"

"Mi ya samu waya? Waya lahiyarta lau, bireka ce raguwa."

Sanusi ya yi dariya ya ce, "Baba, ƙyale shi. Hajiya har lemo mai sanyi ta ba shi."

Na ce su gyara zama. Abin da na ba su labari shi ne nake rubutawa a nan, don na san ba su kaɗai ke ganin allon rarraba wuta a matsayin akwatin da ake kafa wa bango a cusa masa wayoyi ba.

Na koyi aiki a Sakkwato a zamanin Turawa, wurin Malam Sidi. Shi kuwa a Jos ya koya, a wurin haƙar kuza, tun lokacin da yawancin mutanen ƙasarmu ba su taɓa ganin ƙwan lantarki ba. Akwatin aikinsa na katako ne. A ciki akwai filaya biyu, da sukudireba uku, da wuƙar fere waya, da ƙaramin zarto, da kurfi da guduma, da ƙwan gwaji, wato ƙwan fitila mai waya biyu da ake taɓa wa layi a ga ko da wuta. Wata shida na fara yi ban taɓa waya mai wuta ba. Yankan kwaroron katako nake yi, wanda ake kwantar da waya a ciki a rufe, da huda bango, da feƙe turaku. Wayar lokacin jan ƙarfe ce da aka lulluɓe da roba, aka naɗe da yadi. Mai sili uku ta fitila ce, tana ɗaukar amfiya biyar. Mai sili bakwai tana ɗaukar goma sha biyar.

Bayan wata shida ya ba ni allo da alli. Kowane abu mai cin wuta yana da lamba a jikinsa, wato wat. Ka raba wat da bolt na injin, ka sami amfiya. Ka tara amfiyar duk abin da ke kan layi ɗaya, ka zaɓi wayar da ta fi ƙarfin wannan jimla, sannan ka zaɓi fiyus. Fiyus ɗan guntun zare ne na ƙarfe a cikin mariƙi na tangaran, aikinsa ya narke ya yanke wuta idan ta wuce kima. Shi ne kakan birekar yau.

Wata safiya muna kafa allo a wani kanti, Malam Sidi ya tambaye ni, "Abdu, fiyus wa yake gadi?"

Na ce fitila.

"Fitila ta ƙone, a sayo wata. Wa yake gadi?"

Na ce inji.

"Waya yake gadi," in ji shi. "Ita ce ke cikin bango, ita ce ba ka gani. In fiyus ya fi waya ƙarfi, waya ta zama fiyus, ita za ta narke, kuma a cikin katako za ta narke."

Daga nan ya nuna mini cewa babban fiyus na allo dole ya fi na rassa girma, don idan matsala ta auku a layi ɗaya, ƙaramin ya riga shi tsinkewa, sauran gida ya zauna da wuta. Shekara huɗu na yi ina jin wannan karatu, har na ɗauka kowa ma ya san shi.

Aikin farko da ya tura ni ni kaɗai shi ne kantin Alhaji Mamman a Illela, ina da shekara ashirin da uku. Alhaji Mamman ɗan kasuwa ne da gidansu ya daɗe yana safarar tufafi tsakanin Sakkwato da ƙasar Faransi, wato tsallaken iyaka ta wajen Ƙonni. Ya gina kanti na siminti da kwano a bakin kasuwa. Gaba wurin ciniki, tsakiya ɗakin diloli, baya rumfar teloli, gefe kuma injin niƙa. A garin duka, ban da ofishin kwastan da kantin wani kamfanin Turawa mai sayen fata, babu inda ke da lantarki. Ya sayo injin wuta a Ƙonni, hannun wani Bafaranshe da ke tattara kayansa. Inji ne babba mai shan gas, ya zo da allonsa na dutse, da mariƙan tangaran, da ƙananan kwarkwaro uku na zaren fiyus.

A nan na fara ganin bambanci. Zaren fiyus da muka saba da shi a Sakkwato jan ƙarfe ne siriri kamar gashin doki, a naɗe a jikin kati. Na Faransi darma ne, mai kauri da taushi, kana iya yanka shi da farce. Darma tana saurin ɗaukar zafi idan wuta na bi ta cikinta, kuma tana saurin narkewa, saboda haka ake yin ta da kauri. Jan ƙarfe mai irin wannan kauri sai ya ɗauki wajen ninki bakwai na abin da darma za ta ɗauka kafin ya tsinke. Na san wannan. Ban gaya wa kowa ba, don ban ga dalilin da ɗan kasuwa zai so ya sani ba.

Na zauna da Alhaji na tambaye shi duk abin da za a kunna. Fitila goma sha huɗu, fanka huɗu, firiji ɗaya na lemo, dutsen guga biyu na teloli, da injin niƙa. Na raba layi biyar. Fitilu layinsu, fanka nasu, firiji nasa, niƙa nasa, guga nasu. Dutsen guga kowane yana cin kusan amfiya biyar, biyu goma ke nan, sai na ja waya mai sili bakwai na sa zaren darma na goma sha biyar. Babban fiyus na sa na sittin. Layin guga ya bi ta bangon ɗakin diloli kafin ya isa rumfar teloli, don nan ce gajeriyar hanya.

Wayar ƙasa, wadda ke kai ɓatacciyar wuta cikin ƙasa don kada ta ja mutum, ta ci mini kwana biyu. Ƙasar Illela rairayi ce, ba ta riƙe laima, ƙarfen da ka binne a busasshen rairayi kuwa kamar ba ka binne ba. Na haƙa rami kusa da rijiyar bayan kanti har na iske danshi, na kafa ƙarfen, na zuba gawayi da gishirin balma, na ce wa mai gadi ya riƙa zuba guga ɗaya na ruwa kowace Juma'a. A ƙarƙashin kowane mariƙi na rubuta sunan layinsa da lambarsa da ajami, don shi mutanen kanti ke karantawa. Na nuna wa Garba, ƙanen Alhaji, yadda ake sauke babban hannu, wato makunnin da ke yanke wutar kanti duka, a sa sabon zare. Garba shi ke kula da ɗakin diloli, kuma a duk kasuwar babu mai idonsa a kan yadi. Yana murza zare tsakanin yatsu biyu ya gaya maka ko na Kano ne ko na ƙetare.

Wata huɗu komai na tafiya daidai. Wasu 'yan kasuwa biyu suka ce za su sayo inji in yi musu aiki, sai na kama shago a Illela na kwaso kayana.

Azumi yana da kwana tara Malam Sidi ya kira ni Sakkwato in taya shi wani aiki na kwana goma sha biyu. Ina can ɗinkin Sallah ya yi yawa. Shugaban teloli, Malam Buba, ya karɓo dutsen guga biyu daga Ƙonni, suka zama huɗu. Wani ya kawo butar lantarki don ruwan sitaci, aka haɗa a layi ɗaya. Jimla ta doshi amfiya talatin a kan wayar goma sha biyar. Zaren darma ya yi aikinsa, ya narke. Garba ya sa wani, ya narke, har sau goma sha ɗaya. A kwana huɗu kwarkwaron goma sha biyar ya ƙare.

Abin da Garba ya yi daga nan, ban taɓa kiransa wauta ba. Ya ɗauki guntun darmar da ya rage ya tafi tasha wurin bakanike, ya zazzage masa tarkacen wayoyin mota, ya zauna yana murzawa ɗaya bayan ɗaya har ya sami jan ƙarfe mai kauri daidai da darmar. Bai zaɓi wanda ya fi kauri ba, ya kiyaye ƙa'ida kamar yadda ya fahimce ta. Haka ake dacen zare a sana'arsa, kauri da kauri. Ya sa, wuta ta zauna. Aka yi ta guga daga hantsi zuwa la'asar, ba ta sake tsinkewa ba.

Na komo ranar Lahadi, ranar kasuwa, wajen ƙarfe goma sha ɗaya, saura kwana tara Sallah. Kanti cike da mutane, har da mutanen Ƙonni da sefarsu a hannu. Garba ya tare ni da fara'a.

"Malam Abdu, zarenka na banza ne. Na samo wanda ba shi tsinkewa."

Na buɗe mariƙin na ga jan ƙarfe. Na shiga ɗakin diloli na tura hannu bayan turamen atamfa. Kwaroron katakon da zafi kamar bayan tukunya, ga warin roba. Na fito ban yi wa kowa magana ba, na sauke babban hannu. Fanka suka tsaya, injin niƙa ya yi shiru, mata masu niƙa suka fara ƙorafi.

Alhaji yana kan buzunsa da baƙi uku, manyan abokan cinikinsa. Ya ɗago kai.

"Wa ya kashe wuta?"

"Ni ne, ranka shi daɗe. Akwai amfiya talatin a kan wayar goma sha biyar, kuma fiyus ɗin da ke ciki ba zai tsinke ba ko an kai ɗari."

"Mi kac ce?"

Na maimaita, da lambobin duka, a gaban baƙinsa.

Garba ya ce, "Yaya, kauri ɗaya ne. Ni na auna da hannuna. Nashi kullum tsinkewa, nawa kwana takwas lahiya lau. Ka san masu aikin hannu, suna sa abu mai rauni don a riƙa kiransu."

Ɗaya daga cikin baƙin ya yi murmushi ya ce, "Haka masu gyaran agogo ka yi."

Alhaji ya ce, "Abdu, mai da wuta."

Na ce zan mayar idan an cire dutse biyu da buta, ko a ba ni kwana uku in ja sabon layi.

"Kwana uku, da Sallah bisa kai? Mai da wuta, ko ka ɗauki akwatinka."

Na ɗauki akwatina. Ban kai bakin ƙofa ba na ji Garba ya ɗaga hannun, fanka suka tashi.

Aka yi Sallah lafiya. Bayanta ɗinki ya ragu, aka koma dutse biyu, waya ta huce. Babu abin da ya faru, kuma kowa ya ga babu abin da ya faru. 'Yan kasuwan nan biyu suka ɗauko wani ma'aikaci daga Ƙonni. A kasuwa aka sa mini suna Kashe-wuta. In na wuce rumfar masu goro sai wani ya ce, "Ku riƙe fitilunku, ga shi nan tafe."

Wannan ita ce muguwar shekarata a sana'a. Na koma gyaran tocila da fitilar keke, da cajin batirin manyan motoci a tasha. Ranar Alhamis nakan hau keke zuwa Kalmalo in gyara wa masunta fitilun gas, su ba ni kifi. Da damina na yi noma a gonar wani aminina a Araba. Filayata ta shekara ba ta taɓa waya mai sili bakwai ba.

Mutum ɗaya ne bai daina zuwa shagona ba, Malam Buba tela. Tocilarsa ba ta rabuwa da lalacewa. Wata rana yana jira na ce masa, "Malam Buba, ina roƙon abu uku, kuma babu wanda zai ci maka kwabo."

"In ba kashe wuta ba ne, faɗi."

Na ce ya sa a janye diloli daga bango ko da taƙi ɗaya ne. Ya ajiye bokiti biyu na rairayi a ƙofar ɗakin. In ya ga hayaƙi, kada ya fara da ruwa, ya je ya sauke babban hannu tukuna, sannan rairayi.

"Rairayi dai ba shi tsada a Illela," in ji shi. "In Garba ya tambaya, in ce mi?"

"Ka ce gara kake tsoro."

Ya yi dariya, amma ya yi. Garba da kansa ya taya shi janye dilolin, don ba ya wasa da zancen gara.

Da kaka na je Sakkwato na ba Malam Sidi labari. Na ɗauka zai ce na yi daidai. Ya gama saurare yana goge filaya, ya ce, "Sauke hannu daidai ne. Amma rabin laifin naka ne. Ka bar musu allo ba ka bar musu dalili ba. Ka san akwai Sallah, ka ja layi kamar teloli ba za su ƙaru ba. Ka bi da shi ta bayan yadi. Sannan ka je kana yi wa dattijo lissafi a gaban baƙinsa. Ya taɓa ganin amfiya? In ka sake samun dama, nuna masa abin da zai gani da idonsa."

Azumi ya zagayo, ɗinki ya dawo, dutse huɗu da buta suka koma kan layin. Robar da ta dahu bara ta riga ta bushe ta tsattsage. Ranar ashirin da uku ga wata, bayan azahar, wani tela ya ga hayaƙi yana fitowa ta saman ƙofar ɗakin diloli. Mai gadi ya ruga rijiya. Malam Buba ya tsayar da shi, ya je ya sauke babban hannu, suka shiga da rairayi. Katakon ya ci kamar kamu uku, harshen wuta ya lashi gefen turmi shida na atamfa. Sauran dilolin, da ke taƙi ɗaya daga bango, hayaƙi kawai suka sha. A ɗakin akwai kayan Sallar garuruwa da yawa, na Alhaji da na mutanen da suka ba shi ajiya.

Bayan la'asar aka aiko in zo. Na iske Alhaji a tsaye a ɗakin, Garba a gefensa, Malam Buba da rairayi har gira. Na gaishe su, na jajanta. Alhaji ya nuna bangon.

"Buba ya gaya mini wanda ya ce a aje rairayi. To, ga ni. Amma har yanzu ban gane ba. Garba ya ce kauri ɗaya ne, kuma na san idon Garba."

Na ce, "Idonsa bai yi kuskure ba, ranka shi daɗe. Kauri ɗaya ne."

Na roƙi Malam Buba ya kawo tsohon dutsen gugarsa na gawayi, ya hura shi. Na ciro jan ƙarfen daga mariƙi, na ciro guntun darma daga akwatina, na miƙa wa Garba duka biyu. Ya murza su, ya ce ɗaya ne. Na ce ya ɗora su a kan garwashin da hannunsa. Ya ɗora. Kafin Alhaji ya gama gyara tsayuwa, darmar ta lanƙwashe ta zama ɗigo mai sheƙi ta gangara cikin toka. Jan ƙarfen ya yi baƙi, ya yi ja, yana nan yadda yake. Muka tsaya muna kallonsa, Malam Buba yana fifita.

Na ce, "Wanda ya narke shi ne mai gadi. Duk sanda ya tsinke, cewa yake kaya sun yi wa waya yawa. Da aka sa wanda ba ya narkewa, sai zafin ya koma cikin bango."

Na ɓalle ragowar katakon na ba Alhaji wayar. Robar ta marmashe a hannunsa kamar ƙanzo.

Garba ya daɗe yana duban garwashin. Can ya ce, "Ashe sau goma sha ɗaya yana gaya mini, ni ina zaginshi."

"Kai dai ka iya zare," in ji Malam Buba, "amma zaren riga."

Alhaji bai yi dariya ba. Ya ce, "Abdu, kwana nawa?"

Na ce uku.

"Bara ma uku kac ce."

"Bai ƙaru ba, ranka shi daɗe."

"To, ka fara yanzu. Buba, ku koma gawayi har ya gama." Ya juya zai fita, ya tsaya a bakin ƙofa. "Gobe in an sha ruwa ka zo gida. Waɗanda sunka ji na kore ka, ina son su ga ka zauna bisa tabarmata."

A kwana ukun nan na sake allon. Na tambayi Malam Buba dutse nawa yake jin za su kai nan da shekara biyar, ya ce shida, sai na ja layi uku na guga, dutse biyu a kowane, kowane da fiyus ɗinsa. Buta na ba ta nata layin. Na fitar da wayoyin daga ɗakin diloli gaba ɗaya, na bi da su ta waje a cikin bututun ƙarfe, ko da yake hanyar ta ninka tsawo. Na sake lissafin jimla na tabbatar inji da babban fiyus za su ɗauka, na ce kada a yi niƙa a lokacin da duka dutsen ke kunne. Na bar gurbi biyu a allon babu komai, don abin da ba a saya ba tukuna.

Saura yadda za a hana a sake sa zaren da ba nasa ba. Ina tunanin in kulle allon in riƙe mabuɗi, Garba ya ce in dakata. Ya shiga rumfar teloli ya fito da zaren ɗinki kala uku. Ya ɗaura fari a kwarkwaron biyar, ja a na goma sha biyar, baƙi a na talatin. Sannan ya bi mariƙan ɗaya bayan ɗaya yana tambayata lambar kowane, yana ɗaura masa kalarsa.

"Mutanenmu ba su duba lamba," in ji shi, "amma babu mai haɗa ja da baƙi."

Wannan dabara ta fi rubutuna na ajami aiki, kuma na yi amfani da ita a kowane allo da na kafa har aka daina fiyus na zare. Garba ya riƙa sayo darmar a Ƙonni yana ajiyewa a kanti. Duk wanda ya zo saye sai ya tambaye shi sau nawa ta tsinke. In ya ce fiye da biyu, ba ya sayar masa, sai ya turo shi wurina. Sunan Kashe-wuta bai bar ni ba, amma daga shekarar masu sabon inji da shi suke nemana.

Da na kai nan, Nasiru ya daina kaɗa ƙafa. Na tambaye shi kaurin wayar shagon Hajiya Kulu. Ya ce biyu da rabi. Na ce amfiya nawa take ɗauka a cikin bango. Ya ce ashirin da 'yan kai. Na ce to bireka mai sittin da uku wa take gadi?

Sanusi ya ce, "Lemon Hajiya take gadi."

"Rufe muna baki," in ji Nasiru. Ya juyo wurina. "Tsoho, in na koma na ce mata a raba layi, cewa za ta yi aiki nike nema."

Na ce kada ya kai mata lamba. Ya bari firizojin su yi awa ɗaya suna aiki, ya kama hannunta ya ɗora a kan bututun wayar.

Ya duba agogo, ya ɗauki jakarsa, ya ce shagon ba ya rufewa sai magariba. Sanusi ya bi shi. A yammacin suka mayar da bireka mai ashirin, suka kashe firiza huɗu. Ranar Alhamis suka ja layi uku sababbi, firiza biyu a kowane layi, kowane da birekarsa. Allon Alhaji Mamman kuwa ya yi aiki har wutar gwamnati ta iso Illela, kuma da aka sauke shi zaren Garba na nan ɗaure a mariƙansa.